Takarda, Sana'a da Mai Tsayawa: Nazarin Hanyoyin Neman Aiki da Riƙe Shi a Kakangi, Birnin Gwari

1.0 Gabatarwa

Kakangi ɗaya ce daga mazaɓu 11 na ƙaramar hukumar Birnin Gwari a yammacin jihar Kaduna, kuma da sunanta ake kiran ɗaya daga kujeru biyu da ƙaramar hukumar take da su a Majalisar Dokokin jiha. Faɗin ƙasar Birnin Gwari ya haura murabba'in kilomita 6,000. Tana iyaka da jihohin Neja da Zamfara da Katsina, kuma a cikinta dajin Kamuku yake, wanda aka mayar gandun daji na ƙasa a 1999. Daga garin Birnin Gwari zuwa Kaduna tafiyar kimanin kilomita 120 ce, mutumin Kakangi kuwa yana da tasa tafiyar kafin ma ya hau wannan hanya. Abincin jama'a yana fitowa ne daga noman masara da dawa da shinkafa da waken suya, da kiwo, da haƙar zinariya, da harkar katako da gawayi, da sufuri da ƙananan sana'o'i. Aikin albashi kaɗan ne, kuma kusan dukkansa na gwamnati ne: koyarwa, kiwon lafiya, ofishin ƙaramar hukuma da aikin damara.

Shawarar neman aiki da ake yaɗawa a tarukan matasa da shafukan sada zumunta ta fi karkata ga gyaran takardar CV, da adon zuwa intabiyu, da yadda ake amsa tambayar kwamiti. An gina ta ne a kan yanayin birni mai kamfanoni da wutar lantarki da intanet, inda mai nema da mai ɗauka ba su san juna ba. Manufar wannan maƙala ita ce fayyace hanyoyin da ake bi a samu aiki a wuri irin Kakangi, da irin shaidar da kowace hanya take nema, da abin da ya kamata mai nema ya tanada. Hujjar da maƙalar ta tsaya a kai ita ce, babbar matsalar matashin wannan yanki ita ce tsadar tabbatar wa mai ɗauka cewa ya cancanta kuma amintacce ne, kuma rashin tsaro ya ninka wannan tsada.

2.0 Waiwaye a kan ra'ayoyin masana

Ra'ayi na farko shi ne na jarin ɗan'adam, wanda Gary Becker ya shimfiɗa a 1964: ilimi da horo jari ne da mutum yake zubawa a kansa, albashi kuma ribarsa. Michael Spence (1973) ya kalli lamarin ta wata fuska, ya nuna cewa takardar makaranta alama ce da mai ɗauka yake dogara da ita domin ba ya iya ganin ƙwazon mutum kafin ya ɗauke shi. Ronald Dore (1976) ya ƙara da cewa a ƙasashe masu tasowa, idan masu takarda suka fi guraben aiki yawa, sai a riƙa ɗaga matakin takardar da ake nema ba tare da aikin ya canza ba. Duk wanda ya ga mai digiri yana takarar gurbin da a da ake bai wa mai takardar sakandare ya san Dore ya hango gaskiya.

Ra'ayi na biyu ya mayar da hankali ga alaƙar mutane. Mark Granovetter (1973, 1974) ya bincika yadda ma'aikata a garin Newton na Amurka suka samu aikinsu, ya tarar fiye da rabinsu ta hanyar wani da suka sani ne, kuma galibi wanda ba sa haɗuwa da shi kullum. Dalili kuwa, makusanci labarin da ka riga ka sani shi ma ya sani, na nesa ne yake kawo sabon labari. Keith Hart (1973), a bincikensa na birnin Akara, ya fito da ɓangaren tattalin arzikin da ba ya cikin rajistar hukuma, inda mafi yawan talakawa suke samun abinci.

A ƙasar Hausa, M. G. Smith (1955, 1960) ya bayyana barantaka a Zazzau, wato alaƙar bara da ubangida, a matsayin hanyar samun matsayi da abin yi. Abner Cohen (1969) ya nuna yadda fataucin shanu da goro a unguwar Sabo ta Ibadan ya tsaya a kan maigida mai masauki da dillali, waɗanda suke lamunce baƙo su tsaya masa. R. M. Prothero (1959) ya yi nazarin cin rani daga lardin Sakkwato, Polly Hill (1972) ta yi na gandu da ƙwadago a Batagarawa, Paul Lubeck (1986) kuma ya bi sawun gardawa da leburori zuwa masana'antun Kano.

Giɓin da ke cikin waɗannan ayyuka biyu ne. Na Turai da Amurka sun ɗauka cewa hanya a buɗe take, waya tana shiga, kuma takarda ba ta ƙonewa. Na ƙasar Hausa kuwa an yi su ne kafin a mayar da ɗaukar aikin gwamnati kan intanet, kuma kafin ta'addancin 'yan bindiga ya tarwatsa ƙauyuka.

3.0 Hanyar nazari

Nazarin na siffantawa ne, kuma ya dogara da tushe uku: dokokin ƙwadago na Nijeriya, da sharuɗɗan ɗaukar aiki da alƙaluman da hukumomi suka fitar, da tsare-tsaren aiki na gargajiya kamar yadda ake gudanar da su a karkarar Hausa. An raba shaidar da mai ɗauka yake nema gida uku. Shaidar takarda ita ce satifiket da katin shaida da duk abin da hukuma ta buga wa hatimi. Shaidar hannu ita ce aikin da mutum zai iya yi a gani. Shaidar baki ita ce maganar wanda ya tsaya masa. An auna kowace hanyar samun aiki da waɗannan, sannan da ma'auni biyu: tsadar isa, wato kuɗi da lokaci da kasadar da mai nema yake ɗauka kafin ya tsaya gaban mai ɗauka, da kariya, wato abin da ma'aikaci zai riƙe idan an saɓa masa alkawari.

4.0 Nazari

4.1 Yanayin kasuwar aiki

Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce rashin aikin yi ya kai kashi 33.3 cikin ɗari a ƙarshen 2020. Bayan ta sauya ma'auni, ta koma lissafa duk wanda ya yi aikin sa'a ɗaya a mako a matsayin mai aiki, adadin ya sauko zuwa kashi 4.1 a farkon 2023. Alƙaluman hukumar sun kuma nuna cewa sama da kashi 90 na masu aiki a Nijeriya suna ɓangaren da ba na rajista ba ne. A bisa wannan ma'auni, kusan babu marar aiki a Kakangi, domin da wuya a samu saurayin da bai taɓa fartanya ko babur ba cikin mako. Abin da ake nema shi ne aikin da yake da tabbas, wanda ba ya ƙarewa da ƙarewar damina.

Rashin tsaro ya taɓa kasuwar ta kowane ɓangare. Manyan manoma da suke ɗaukar 'yan ƙwadago da yawa sun rage noma ko sun bar gonakin nesa. Ma'aikatan da aka tura ƙauyuka sun nemi canjin wurin aiki. A 2021 gwamnatin jiha ta dakatar da kasuwannin mako-mako a Birnin Gwari da wasu ƙananan hukumomi, ta hana hawan babur, ta kuma rufe layukan waya daga ƙarshen Satumba zuwa ƙarshen Nuwamba. Matakan tsaro ne, amma a wata biyun nan duk saƙon gayyatar jarrabawa ko tantancewa da aka aika wa ɗan yankin bai same shi ba. A Nuwamba 2024 Gwamna Uba Sani ya sake buɗe kasuwar kara ta Birnin Gwari bayan shekaru tana rufe, a ƙarƙashin shirin sulhu. Buɗe kara ya wuce batun cinikin shanu: dillalai, 'yan kamasho, masu lodi, direbobi, mahauta da masu abinci duk a nan suke samun na cefane, kuma a nan ake jin labarin inda ake neman ma'aikata.

4.2 Ƙofar gwamnati da shaidar takarda

Sashe na 14(3) na Kundin Tsarin Mulki na 1999 da dokar Hukumar Daidaiton Rabon Muƙamai ta 1996 sun tanadi a raba guraben aiki tsakanin sassan ƙasa. A aikace, ɗaukar 'yan sanda da sojoji da makamantansu ana yin sa ne bisa kason jihohi da ƙananan hukumomi, don haka takardar shaidar zama ɗan asalin Birnin Gwari tana da daraja ta gaske. Sai dai kason ba ya amfanar wanda takardunsa ba su cika ba. Misali, ɗaukar kurtun ɗan sanda yana neman shekara 18 zuwa 25, da kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, da lambar NIN, da takardar haihuwa, da takardar asali, da fom ɗin mai tsayawa. Aikin koyarwa kuma yana neman aƙalla NCE da rajista da hukumar TRCN.

Yana da kyau a dubi yadda cike fom yake gudana a zahiri, domin a nan ake yawan faɗuwa. Matashi ya ji labarin an buɗe shafi, sau da yawa bayan an ci rabin wa'adin. Ya biya kuɗin babur ko mota zuwa gari, ya bi layi a shagon intanet. Mai shago yana sauri, sai ya buɗe masa adireshin imel ya manta bai ba shi kalmar sirri ba, ko ya sa tasa lambar wayar a gurbin ta mai nema. A katin NIN sunansa Muhammad Sani, a sakamakon WAEC Sani Mohammed, shekarar haihuwar da ke takardar firamare kuma ta sha bamban da wadda aka rubuta ranar da aka yi masa rajistar banki. Kwamfuta ba ta jin bayani, tana ganin mutum biyu ne. Wata uku bayan haka saƙon gayyata ya shiga wayar mai shago, shi kuwa mai neman yana gona. Zai ce an yi masa magudi, alhali tun a kan teburin shagon aka rasa gurbin.

Gyaran wannan ba ya jiran ranar da aka buɗe shafi. Daidaita suna da ranar haihuwa a dukkan takardu, ta hanyar takardar rantsuwa a kotu da gyara a ofishin NIMC, aiki ne na makonni, kuma lokacin rani ya fi dacewa da shi. Mai nema ya mallaki imel ɗinsa da layin wayar da aka yi wa rajista da sunansa, ya karɓi takardar shaidar kammala cike fom kafin ya bar shago. A yankin da aka sha ƙona gidaje, ajiye takardun asali wuri ɗaya kasada ce: a ɗauki hotonsu a tura cikin imel, a kuma ajiye kwafi wurin ɗan'uwa a gari. Wanda ba ya samun sabis a ƙauye ya wakilta amintacce a gari ya riƙa duba masa saƙo.

Batun sayen gurbi ya cancanci a faɗe shi ƙarara. A 2023 wani kwamitin Majalisar Wakilai ya binciki zargin sayar da guraben aiki a hukumomin tarayya, abin da ya nuna cewa maganar ba jita-jita ba ce kawai. Amma wannan sanin ne 'yan damfara suke cin kasuwa da shi. Gida ya sayar da buhunan masara ko saniya, a karɓo takardar ofa ta jabu, sai ranar kama aiki a gane. Hukumomin damara suna sanarwa a kowace ɗauka cewa fom kyauta ne. Darasin 15 ga Maris 2014, ranar da aƙalla mutum 15 suka rasu a turmutsutsun jarrabawar ɗaukar ma'aikatan shige da fice bayan kowane mai nema ya biya Naira 1,000, yana daga cikin dalilan da suka sa aka koma tantancewa ta intanet. An rage cunkoso, amma nauyin ya koma kan mutumin da ba shi da sabis.

4.3 Mai tsayawa da shaidar baki

Hausawa sun ce mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya, kuma da wannan ake yawan fassara duk wani samun aiki. Wajibi ne a bambance abu biyu da ake cakuɗawa. Akwai alfarma, inda ake ture wanda ya cancanta a sa wanda bai cancanta ba. Wannan zalunci ne kuma ya saɓa wa doka. Akwai kuma lamuni, inda mutumin da aka sani yake cewa ya san yaron nan, yana da riƙon amana, idan ya ɓata a neme shi. Lamuni shi ne abin da Cohen ya gani a Ibadan, kuma gwamnati kanta ta amince da shi tun da ta sa fom ɗin mai tsayawa cikin sharuɗɗanta. Mai shago a Kaduna ba zai miƙa wa baƙo aljihun tebur ba, mai babur ba zai ba shi makulli ba, sai wani ya tsaya.

Ga ɗan Birnin Gwari, shaidar baki ta ƙara nauyi saboda wani dalili mai ciwo. Sunan yankin ya haɗu da labarin 'yan bindiga a kunnen mutanen birni, har saurayin da ya gudo daga ta'addanci yakan tarar ana kallonsa da zargin abin da ya gudo wa. Ƙaura kuma ta raba shi da dattawan da suka san asalinsa. Takardar gabatarwa daga dagaci ko hakimi, da katin shaida, da sunan mutum ɗaya mazaunin garin da za a iya kira, su ne suke rage wannan zargi.

Sakamakon Granovetter yana da amfani a nan. 'Yan gida ɗaya da abokan majalisa ɗaya labarinsu ɗaya ne. Sabon labari yana zuwa ne daga tsohon malamin makaranta da aka mayar Kaduna, da direban da yake lodin masara zuwa Legas, da abokin karatu a Zariya, da ƙungiyoyin 'yan asalin yanki irin su BEPU. Waɗannan ba a tuna su sai buƙata ta taso, kuma nan ne kuskuren yake. Gaisuwar salla da ta'aziyya da zumuncin da ba a haɗa shi da roƙo ba su ne suke sa mutum ya zo a rai ranar da aka ce ana neman yaro mai hankali. Idan kuma za a nemi taimako, a faɗi abu takamaimai. Wanda ya ce yana da NCE a Lissafi kuma a shirye yake ya koyar a kowace makaranta ta yammacin Birnin Gwari ya sauƙaƙa wa mai taimako fiye da wanda ya ce a samo masa ko wane irin aiki.

4.4 Ƙwadago, jinga da ramin zinariya

Mafi yawan ɗaukar aiki a Kakangi a bakin gona ake yin sa, ko a tasha, ko a bakin rami. Ɗan ƙwadago ana biyansa kuɗin yini. Mai jinga kuwa ana yin ciniki da shi a kan aikin gaba ɗaya, kamar noman gona ko yankan shinkafa, ya gama a sallame shi. Ɗan acaɓa yana kawo wa mai babur balas kullum, ko ya riƙa biya kaɗan-kaɗan har babur ya zama nasa. A nan shaidar hannu ce take aiki, takarda ba ta da kasuwa.

Kariya ce ta yi ƙaranci. An ɗaga mafi ƙarancin albashi na ƙasa zuwa Naira 70,000 a Yuli 2024, jihar Kaduna kuma ta sanar da Naira 72,000. Amma dokar mafi ƙarancin albashi ta 2019 ta cire wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, da masu aikin kamasho ko jinga, da masu aikin gona na lokaci-lokaci. Ke nan kusan duk mai aiki a Kakangi da ba na gwamnati ba yana wajen inuwarta. Abin da ya rage masa shi ne ƙa'idar ijara ta fiƙihun Malikiyya, wadda jama'a suka sani kuma kotunan shari'a suke aiki da ita: lada ya zama sananne, aiki ko wa'adinsa ya zama sananne, tun kafin a fara. Rigimar jinga kusan kullum daga abin da ba a ambata ba take tasowa: iyakar gonar, ko abinci yana ciki, ko maimai yana cikin kuɗin noman farko, da ranar biya. Furucin "sai abin da ka ba ni" ladabi ne a baki, amma shi ne yake kawo ƙorafi ranar sallama. A yanke magana gaban shaidu biyu, ko a naɗe ta a waya.

Haƙar zinariya tana jan matasa domin ba ta tambayar takarda kuma takan ba da kuɗi a dunƙule. Tsarin da aka saba shi ne mai ɗaukar nauyi ya ba da abinci da kayan aiki, 'yan haƙa su shiga rami, a raba abin da aka samu, sau da yawa kuma shi ne mai saye a farashin da ya yanka. Idan rami bai ba da komai ba, bashin abinci yana nan. Ban da ruftawar rami da hayaƙin zaiba, akwai gubar dalma: a 2010 ta kashe yara sama da 400 a Zamfara, a 2015 kuma ta kashe yara 28 a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, maƙwabciyar Birnin Gwari, saboda niƙa dutsen ma'adini a cikin gidaje. Dokar Ma'adinai ta 2007 ta ba ƙananan mahaƙa damar kafa ƙungiyar gama-kai su nemi lasisi. Wanda zai shiga rami ya san kasonsa kafin ya sauka, ya san ko wurin yana da izini, kada kuma ya kai dutse ko tufafin aiki inda yara suke.

4.5 Koyon sana'a da mayar da shaidar hannu takarda

Koyon sana'a wurin ubangida shi ne makarantar da ta fi kowace ɗaukar ɗalibai a yankin: kanikanci, walda, faci, kafinta, gini, ɗinki, gyaran waya, da haɗa sola, wadda kasuwarta take ƙaruwa a wuraren da wutar gwamnati ba ta kai ba. Uba yana kai yaro hannu da hannu, ya yi shekaru yana aike da wanke kayan aiki kafin a bar shi ya riƙe sifana, ranar yaye kuma a yi addu'a, wani lokaci a haɗa masa kayan aiki. Raunin tsarin shi ne rashin wa'adi. Yaron da ya iya aiki yakan zauna shekaru yana yi wa ubangida aiki a kan kuɗin sabulu, domin ba a yanke ranar yaye ba tun farko. Dokar Ƙwadago ta tanadi yarjejeniyar koyon sana'a a rubuce, kuma ko takarda ɗaya da iyaye da ubangida da mai unguwa suka sa wa hannu ta isa ta hana wannan.

Rauni na biyu shi ne shaidar hannu ba ta tafiya nesa. Makanikin da kowa ya sani a Birnin Gwari baƙo ne a ƙofar kamfanin gine-gine a Abuja. Hanyoyin mayar da ita takarda suna nan: gwajin sana'a na Ma'aikatar Ƙwadago ta tarayya mai mataki uku, da jarrabawar NABTEB, da tsarin shaidar ƙwarewa na NSQ da hukumar NBTE take kula da shi, wanda aka yi amfani da shi ga masu sana'a na kasuwar Panteka a Kaduna tare da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna. Rundunonin soja ma suna da gurbin masu sana'a dabam a ɗaukarsu. Ƙaramar hukuma da ƙungiyoyin sana'a za su yi babban aiki idan suka riƙa tara masu neman gwajin a kawo masu gwadawa Birnin Gwari, maimakon kowane yaro ya ɗauki kasadar hanya shi kaɗai.

Mata suna da nasu lissafin. Sana'o'in cikin gida, irin su ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da ɗinki da kitso, ba sa neman fita. Aikin albashin da ya fi buɗe musu shi ne koyarwa da kiwon lafiya, inda ake matuƙar buƙatar 'yar gari da za ta zauna, musamman ungozoma da ma'aikaciyar lafiyar al'umma. Kwalejin koyon aikin lafiya ta Shehu Idris da ke Maƙarfi tana daga cikin wuraren wannan horo.

4.6 Bayan an kama aiki

Tarihin kwanan nan na jihar Kaduna ya kawar da tunanin cewa aikin gwamnati gado ne. A 2017 gwamnatin Malam Nasir El-Rufa'i ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa, ta sallami 21,780 da ba su kai makin da aka yanka ba, ta kuma sanar da ɗaukar 25,000. A 2021 an sallami dubban ma'aikatan ƙananan hukumomi, abin da ya jawo yajin aikin gargaɗi na ƙungiyar NLC a watan Mayu. A Yuni 2022 an sake sallamar malamai 2,357. Ana iya saɓani a kan adalcin waɗannan matakai, amma abin da suka koyar da ma'aikaci a fili yake: ya ci gaba da bitar fanninsa, ya koyi amsa jarrabawa a kwamfuta, kada kuma ya saki gona ko sana'ar da ya taso da ita.

Fayil ɗin ma'aikaci shi ne garkuwarsa ranar tantancewa. Takardar ɗauka, ta kama aiki, ta tabbatarwa bayan lokacin gwaji, ta ƙarin girma, ta canjin wuri, da bayanan asusun fansho, duk ya riƙe kwafinsu a hannunsa, kada ya dogara da na ofis. Idan aka ba shi kwere ya amsa a rubuce cikin wa'adin da aka yanka, da ladabi, ba tare da ɗora laifi a kan wani ba. Matsalar da ta keɓanta da wannan yanki ita ce rashin zuwa aiki saboda tsaro. Malamin da hari ya hana shi isa makaranta yana da uzuri na gaske, amma uzurin da ba a rubuta ba fashin aiki ne a idon doka. Ya sanar da hedimasta da sakataren ilimi a rubuce, ya ajiye kwafi. A ɗaya ɓangaren, ɗan gari yana da fifikon da ya kamata ya ambata a gaban kwamiti: ya san hanya, yana da wurin kwana, kuma ba zai nemi canji bayan wata uku ba.

A wurin aiki mai zaman kansa, sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ya wajabta wa mai ɗauka ya ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin cikar wata uku. Sashe na 11 ya yanka wa'adin sanarwar rabuwa ga ɓangarorin biyu: kwana ɗaya idan aikin bai wuce wata uku ba, mako ɗaya idan bai kai shekara biyu ba, mako biyu daga shekara biyu zuwa biyar, wata ɗaya daga shekara biyar zuwa sama. Wannan ya hau kan ma'aikaci kamar yadda ya hau kan ubangida. Yaron shagon da ya sulale ba sallama ya zubar da mutuncin wanda ya tsaya masa, ya kuma toshe ƙofa ga ƙannensa da za su zo bayansa daga gari ɗaya. Mai son barin aiki ya yi lissafi, ya miƙa makulli da kaya gaban shaida, ya koma ya sanar da mai tsayawar cewa ya sauke nauyi.

Idan rigima ta taso, ma'aikacin albashi yana da ƙungiyarsa, da ofishin ƙwadago, da Kotun Ma'aikata ta Ƙasa mai reshe a Kaduna. Ga ɗan ƙwadago ko mai jinga a Kakangi, kuɗin motar zuwa Kaduna kaɗai yakan fi abin da yake bin bashi, don haka ƙararsa tana tsayawa ne a gaban mai unguwa, ko sarkin noma, ko shugaban tasha, ko alƙalin kotun shari'a mafi kusa. Dukkansu tambayar da suke fara yi ita ce nawa aka yanka, kuma wa ya shaida.